Zargin MP3: nazarin lamarin wani mai tara tsofaffin waƙoƙin rok

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'abocin zazzafan kiɗan rok ne na shekarun 1970, irin wanda ƙungiyoyi kamar Led Zeppelin da Deep Purple da Black Sabbath da AC/DC suka yi suna da shi: jita da aka ƙure wa amfilifaya har muryarta ta yi kaushi, jitar bes, ganguna, sai mawaƙi mai ɗaga murya. Shi ba makaɗi ba ne, ba kuma injiniyan sauti ba. Mai sauraro ne da ya fara sayen faya-fayan CD a ƙarshen shekarun 1980, 'yan shekaru bayan Sony da Philips sun fito da tsarin a 1982. Kafin tsakiyar shekarun 1990 ya riga ya tara kusan duk abin da yake so.

An ɗauki waɗannan waƙoƙi ne a kan tef mai layuka da yawa a situdiyo, kowane abin kiɗa da nasa layin, sannan aka haɗa su zuwa tef mai layi biyu, hagu da dama. Daga wannan tef na biyu ake yin gyaran ƙarshe, wato matakin da injiniya ke daidaita ƙarfi da kaifin sautin kafin a buga faifai. Idan kamfani ya koma kan tef ɗin bayan shekaru ya sake wannan mataki, sai ya rubuta a jikin kwali cewa an sabunta sautin. Wannan ake kira rimasta.

Akwai wata siffa ta wannan kiɗa da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin duk lamarin a kanta ya rataya. Jitar rok ƙarfinta kusan ɗaya ne daga farkon baiti zuwa ƙarshe, tunda amfilifayar da aka ƙure ta riga ta danne ta. Abin da ke motsa waƙar shi ne ganga. Kowane bugu yana tsallake saman jitar na ƙiftawar ido, ya faɗo, wani ya sake tasowa. Tazarar da ke tsakanin tsinin wannan bugu da matsakaicin ƙarfin waƙar ita ce ke sa mai sauraro ya ji kamar an doki ƙirjinsa.

## 2004 zuwa 2005: sauye-sauye biyu a lokaci guda

A wannan tsakani ya sayi ƙaramar na'urar sauraron waƙa ta aljihu, ya kuma yanke shawarar kwashe faya-fayansa zuwa kwamfuta. Wurin ajiya a na'urar kaɗan ne. Sautin CD yana tafiya ne da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, saboda ana auna igiyar sautin sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16, a layi biyu. Kundin minti 40 yakan haura megabayit 400. Idan aka matse shi zuwa MP3 mai kilobit 128 sai ya dawo ƙasa da megabayit 40. Manhajar da ya yi aiki da ita a kan 128 take tun daga kamfani, shi kuma bai taɓa wurin ba.

A cikin waɗannan watanni ne kuma ya shiga sayen sababbin bugu na kundayen da yake da su. Kwalayensu sun fi kyau, akwai ƙarin waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba, akwai hotuna da tarihin ƙungiya, ga alƙawarin sauti mafi inganci. Da ya sa sabo a na'ura bayan tsoho, sabon ya cika ɗaki, tsohon kuwa ya zama kamar daga nesa ake kaɗa shi. Bai yi wata tantama ba. Sababbin ya kwashe zuwa MP3. Tsofaffin ya zuba wasu a kwali ya kai ɗakin ajiya, wasu ya kyautar.

## 2006: alamomin farko

Abin da ya fara lura da shi farantan tagulla ne, waɗanda mai ganga ke doka da sanda. Maimakon su yi kaifi su dusashe a hankali, sai suka riƙa yin wani shuu mai jujjuyawa. Daga baya ya soma jin ƙaras-ƙaras a wuraren da waƙa ta kai ƙololuwa, musamman inda murya da ganga da jita suka haɗu a bugu ɗaya.

Alamar da ta fi damunsa ba ta da sauƙin kwatance. A da yakan saurari kundi daga farko har ƙarshe, hannunsa na ƙara murya. Yanzu kafin a kai rabi hannun ya koma ragewa. Kunnensa na gajiya, gangar da ya sani tana dukan ƙirji ta koma tana ɗan taɓawa daga bayan jita. Ya fara tsallake waƙoƙin da ya shekara ashirin yana so. Duk wanda ya kai wa kuka amsa ɗaya yake ba shi, cewa ai MP3 ne, yana zubar da kusan kashi tara cikin goma na bayanan sauti. Lissafin gaskiya ne, don haka ya karɓa.

## 2007 zuwa 2008: ƙara yawan kilobit

Matakinsa na farko shi ne ya ɗauki fayilolin 128 ya juya su zuwa 320, wanda shi ne matuƙar abin da tsarin MP3 ke iya kaiwa. Fayilolin suka ninka girma sau biyu da rabi, sautin bai gyaru ba. Abin da aka zubar a matsi na farko ya tafi ke nan, matsi na biyu kuma ya ɗora nasa ɗan lahanin a kai.

Sai ya koma kan faya-fayan, ya sake kwashewa kai tsaye zuwa 320 da LAME, manhajar matse sauti zuwa MP3. Nan ya ga canji. Shuu ɗin farantan tagulla ya ɓace.

Dalilin yana cikin yadda MP3 ke aiki. Tsarin, wanda cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus ta taka babbar rawa wajen ƙirƙiro shi, aka kuma fitar da ƙa'idarsa a 1993, ya dogara ne a kan wani hali na kunnen ɗan Adam: sauti mai ƙarfi yana rufe mai rauni da ke kusa da shi a lokaci ko a mita, wato yawan kaɗawar igiyar sauti a daƙiƙa, abin da ke sa sauti ya zama siriri ko mai kauri. Manhajar tana yanka waƙa zuwa gutsattsari masu awo 1,152, wato kimanin kashi 26 cikin dubu na daƙiƙa, ta ƙiyasta abin da kunne ba zai kama ba a kowane gutsure, ta rage masa daidaito ko ta watsar da shi. Idan kilobit ya wadata, kuskuren da hakan ke haifarwa yana ɓuya a ƙarƙashin kiɗan. Idan ya yi ƙaranci sai kuskuren ya leƙo. Kiɗan rok kuwa yana daga cikin masu wahalar matsewa, domin farantan tagulla da jita mai kaushi sautinsu ya bazu ko'ina, daga ƙasa har sama, babu sararin da manhaja za ta yi tsimi. A 128 yawancin manhajojin suna datse duk sautin da mitarsa ta haura kilohaz 16, wato kaɗawa 16,000 a daƙiƙa, ko kusa da haka, su kashe abin da ya rage a tsakiya. Akwai kuma wani lahani da ya shafi bugu mai kaifi, inda kuskuren ke bazuwa a cikin gutsuren har ya riga bugun isowa, sai kaifinsa ya dakushe.

Ƙaras-ƙaras ɗin ya ragu amma bai tafi ba. Gajiyar kunne da laushin ganga suna nan yadda suke.

A Satumban 2008 Metallica ta fitar da kundin Death Magnetic, masu sauraro suka yi ta ƙorafi cewa sautin CD ɗin ya fashe don tsananin ƙara, har suka gano cewa sigar waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero ta fi tsabta. Ya karanta labarin. Bai haɗa shi da matsalarsa ba, tunda wannan sabon kundi ne, nasa kuwa tsofaffi ne da aka ɗauka tun kafin a san kwamfuta a situdiyo.

## 2010 zuwa 2012: FLAC da sababbin kayan sauraro

Wurin ajiya ya yi arha, sai ya yanke shawarar rabuwa da MP3 gaba ɗaya. Ya sake kwashe komai zuwa FLAC, tsarin da ya fito a 2001 wanda ke rage girman fayil ba tare da zubar da ko bit ɗaya ba. Ya yi aikin da manhajar Exact Audio Copy, ya tabbatar ta hanyar AccurateRip, tsarin da ke kwatanta kwafinka da na wasu masu irin faifan, cewa abin da ke kwamfutarsa daidai yake da abin da ke kan faifai. Ta fuskar lissafi babu sauran abin zargi a fayil.

Ƙaras-ƙaras ya ƙara raguwa, ya rage a 'yan wurare. Gangar dai ba ta dawo ba.

Daga nan zargi ya koma kan kaya. Ya sauya hedifon, ya sayi na'urar waje mai juya lambobi zuwa sauti, ya ƙara mata amfilifaya. Sababbin kayan sun fi na da bayyana abin da ke cikin waƙa, har da abin da ba ya so. Ya gwada rage sama-saman sauti da madaidaicin mita. Kaushin ya ɗan lafa, waƙar ta dushe, bugun gangar bai ƙaru ba. A ƙarshen wannan tsakani ya fara zaton ko kunnensa ne ya tsufa, ko kuwa son kiɗan ne ya fita daga ransa.

## 2013: kwalin da ke ɗakin ajiya

Yana neman wani abu daban ya ci karo da kwalin tsofaffin faya-fayan. Ya ɗauko ɗaya, bugun ƙarshen shekarun 1980 na wani kundi da yake da sabon bugunsa, ya kwashe shi don kwatantawa. Kamar yadda ya faru a 2004, tsohon ya fito a raunane. Ya kusa mayar da shi kwali.

Ƙaninsa, wanda ke aikin haɗa sauti a gidan rediyo, shi ya tsayar da shi. "Yaya, kafin ka ce wannan ya fi wancan, bari mu daidaita ƙarfinsu tukuna," in ji shi. "Ko rabin desibel ɗaya ya fi ɗaya, kunne zai ce mai ƙarar ne ya fi daɗi."

Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Abin da ƙanin ya faɗa sanannen abu ne a wurin masu aikin sauti. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin duk mitoci daidai, kuma idan ƙarfi ya ƙaru, ƙasa-ƙasan sauti da sama-samansa suna ƙara fitowa. Waƙa guda idan aka ɗan ɗaga ta sai a ji kamar ta ƙara kauri da haske, alhali ba a taɓa komai a cikinta ba.

Suka buɗe manhajar foobar2000 suka auna bugun biyu da ReplayGain, tsarin da David Robinson ya gabatar a 2001 domin daidaita ƙarfin waƙoƙi. Manhajar ta ce a rage tsohon da desibel 2.5, sabon kuma da 9.5. Bambanci desibel 7 ke nan. Tsinin ƙarshe na duka biyun kuwa kusan wuri ɗaya yake, dab da iyakar da CD ke iya ɗauka.

Wannan iyaka ba ta motsi. Bit 16 yana ba da matakai 65,536, mataki mafi girma shi ake kira sifili, babu hanyar wuce shi. Idan tsinin tsohon bugu ya riga ya kusa taɓa sifili, hanya ɗaya ce ta rage a ƙara wa waƙar desibel 7: a danne tsinin, a ɗago sauran. Na'urar da ke wannan aiki ita ce limita. A 1994 kamfanin Waves ya fito da L1, limitar kwamfuta da ke hango bugu kafin ya iso ta danne shi, irinta kuma suka yawaita a shekarun da suka biyo baya. Kamfanonin waƙa na son faifansu ya fi na maƙwabci ƙara a rediyo da a na'urar da ke jera faya-fayai, sai matsakaicin ƙarfin CD ya yi ta hawa shekara bayan shekara. Tsofaffin kundaye da aka sabunta a wannan zamani da yawansu sun bi sahu.

Suka buɗe zanen igiyar sautin a manhajar Audacity. A tsohon bugu kowane dukan ganga yana tsaye kamar ƙaya a saman waƙar. A sabon, zanen ya cika daga sama har ƙasa, an aske kansa sumul. Ma'aunin DR, wanda ya yaɗu tun 2009 don ƙiyasta tazara tsakanin tsini da matsakaicin ƙarfi, ya ba tsohon 12, sabon 6.

Da suka kunna su a ƙarfi ɗaya, a tsohon bugu gangar ta dawo gaba.

## 2013, watannin da suka biyo baya: gwajin rufe ido

Ƙanin ya nace cewa gani da ido a allo na iya ruɗar kunne, don haka suka yi gwajin ABX. Manhaja tana ba ka A da B, ta ɓoye ɗaya daga cikinsu a matsayin X, kai kuma ka faɗi wanne ne. Ana maimaitawa sau 16. Mai cin 12 ko fiye, yiwuwar ya samu haka da canki kawai bai kai kashi 4 cikin ɗari ba.

Tsakanin FLAC da MP3 mai 128, duka daga bugu ɗaya, a wani wuri mai yawan farantan tagulla, ya ci 15. Tsakanin FLAC da MP3 mai 320 ya ci 9, wanda bai wuce canki ba. Ya sake da wata waƙar, sakamakon bai sauya ba. Tsakanin tsohon bugu da sabo, an daidaita ƙarfinsu, an kuma matse duka biyun zuwa MP3 mai 192, ya ci 16.

Suka ƙara da gwajin ji. Sautin gwaji da ya haura kilohaz 15 bai ji shi ba sam, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya manyanta. Ke nan datse saman da MP3 ke yi, wanda ya daɗe yana kallo a hoton mita yana takaici, a yankin da kunnensa ba ya kaiwa yake faruwa.

Saura ƙaras-ƙaras, kuma a nan ne matsalolin biyu suka haɗu. Da suka duba tsinin fayilolin MP3 na sabon bugu, manhajar ta nuna 1.19, alhali iyaka 1.0 ce. Wato tsinin ya wuce sifili da kusan desibel ɗaya da rabi. A kan CD ɗin bai wuce ba. Abin da ke faruwa shi ne, matsi yana ɗan sauya siffar igiyar. Igiyar da aka aske kanta dab da iyaka, da zarar an cire mata wasu mitoci sai kan ya sake tsirowa ya haura layin. Lokacin kunnawa, na'urar da ke mayar da fayil zuwa bit 16 ba ta da wurin ajiye abin da ya haura, sai ta gutsure shi. Gutsurewar ita ce ƙaras ɗin da ake ji. Tsohon bugu bai fuskanci wannan ba ko a 128, tunda 'yan dukan ganga kaɗan ne ke kusantar iyaka a cikinsa. Sauran ƙaras ɗin da ya rage a FLAC kuwa a cikin gyaran ƙarshen kansa yake, an buga shi a faifan.

Maganin ƙaras ɗin matsi mai sauƙi ne. Manhajar MP3Gain tana rage ƙarfin fayil a matakai na desibel 1.5 ba tare da sake matse shi ba. Da aka sauke fayilolin ƙasa da iyaka, ƙaras ɗin da matsi ya jawo ya tafi.

## 2014 zuwa 2016: abin da bai yi aiki ba, da abin da ya ba da mamaki

Kundayen da ya kyautar da tsofaffin bugunsu ya yi ƙoƙarin gyara su da manhajojin da ke sake zana tsinin da aka gutsure. A allo zanen ya yi kyau, lambar DR ta hau. A kunne kusan babu bambanci. Limita ba tsini kaɗai take askewa ba. A duk lokacin da ganga ta doka, tana sunkuyar da waƙar gaba ɗaya, jita da bes da murya, sannan ta sake su. Babu manhajar da ta san yadda kowannensu yake kafin a taɓa shi.

Ya kuma yi zaton faifan garmaho zai fitar da shi, ganin kwafin da aka ɗauka daga garmaho kan nuna lambar DR mai tsayi. Ƙanin ya gargaɗe shi cewa allura da na'urorin da sautin ke bi suna sauya siffar igiya, su ɗaga lambar ko da daga dannannen gyara aka yanka faifan. Ya bar wannan hanya.

Sai ya shiga neman tsofaffin CD a wurin masu sayar da na hannu, da tunanin cewa tsoho ko yaushe ya fi. Nan ma ya sha mamaki. Wani tsohon bugu ya fito da kaifi mai huda kunne. Bincike ya nuna an buga shi da wata dabara ta farkon zamanin CD, inda ake ɗaga sama-saman sauti da kusan desibel 10 a can ƙololuwa, a sa alama a faifan domin na'urar kunnawa ta mayar da shi daidai. Na'urar CD tana ganin alamar, kwamfuta kuwa sau da yawa tana kwashewa ba tare da ta kula ba. Da ya bi da fayil ɗin ta matatar da ke warware wannan ɗagawa a manhajar SoX, sautin ya daidaita. Wasu tsofaffin kuma daga kwafin tef aka yi su, ba daga na asali ba, sun zo da huci da dushewa. A irin waɗannan, sabon bugu da aka yi daga tef na asali da na'urori mafi inganci, ba a kuma danne shi sosai ba, shi ya yi nasara a gwajinsa.

Ya koyi duba bayan kwali da kyau, domin ba kowane sabon bugu ne gyaran ƙarshe kawai aka sake masa ba. A 1987 an fitar da tsofaffin kundayen ZZ Top a CD bayan an sake haɗa su an sauya sautin ganguna. A 2002 an sake fitar da kundaye biyu na farko na Ozzy Osbourne bayan an cire bes da gangunan asali, wasu makaɗa suka sake kaɗawa, sai a 2011 aka dawo da na asalin. Wanda ke kwatanta irin waɗannan da tsofaffinsu yana kwatanta kiɗa biyu ne daban.

Ya ɗauki kundi ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita ƙarfi kafin ya saurara. A kusan kashi biyu cikin uku ya zaɓi tsohon bugu, a sauran ya zaɓi sabo. Wanda ya zaɓa ya adana a FLAC, ya fitar da kwafi mai kilobit 256 don waya a AAC, wani tsarin matsi irin na MP3. Idan gyaran mai ƙara ne, yakan sauke shi da desibel 2 kafin matsewa. ReplayGain kuma ya sa shi a tsarin kundi maimakon na waƙa ɗai-ɗai, don waƙar da aka yi ta da sanyi ta ci gaba da zama a sanyaye kusa da 'yan'uwanta.

## 2017 zuwa yau: sauraro ta intanet

Da ya koma amfani da manhajojin sauraro ta intanet, ya tarar sun riga sun ɗauki dabarar daidaita ƙarfi. Ma'aunin da ake aiki da shi, LUFS, ya samo asali daga ƙa'idar BS.1770 ta hukumar sadarwa ta duniya ITU da aka fitar a 2006, wadda ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai EBU ta gina tata ƙa'idar R128 a kanta a 2010. Spotify tana daidaita waƙoƙi a -14 LUFS, tana kuma shawartar masu kawo waƙa su bar tsini a ƙasa da sifili da desibel 1, ko 2 idan gyaran mai ƙara ne, saboda haurawar da matsi ke jawowa. Tun 2012 Apple ma ta fitar da irin wannan jagora ga masu gyaran ƙarshe. Sakamakon a kunnensa shi ne, dannannen bugu da aka sauke zuwa ƙarfin kowa ya rasa abin da yake taƙama da shi, ya fito a ƙanƙance.

Abin da manhajojin ba su ba shi ba shi ne zaɓi. Bugun da kamfanin waƙa ya aika shi ake kunnawa, galibi kuma na baya-bayan nan ne. A 2021 Apple Music ta fara ba da sauti marar zubar da bayanai. Ya gwada a kundayen da ya sani, ya ji abin da ya ji a 2010 da FLAC ɗinsa: inda gyaran ya danne, a danne ya iso.

Abu biyu suka ɗan sassauta matsayinsa. A mota, inda ƙarar hanya ke haɗiye wurare masu sanyi, ya tarar dannannen bugu ya fi sauƙin bi, har ya ware wa motar nata jerin. Sannan ya gane cewa da hedifon na Bluetooth, ko FLAC ya kunna ana sake matse shi a hanya da tsarin matsi irin su SBC ko AAC kafin ya isa kunne, kuma bai taɓa lura ba.

## Hukunci

Shekaru kusan bakwai, daga 2006 zuwa 2013, mutumin ya bar jaki yana dukan taiki. MP3 yana da nasa laifin, amma ƙarami ne kuma mai iyaka: shuu ɗin farantan tagulla a 128, wanda ya ƙare da zarar an ƙara kilobit, da gutsurewar tsini a gyare-gyare masu ƙara, wadda saukar da desibel biyu ke kawarwa. Babbar asarar, wato laushin ganga da gajiyar kunne, an yi ta ne a ɗakin gyaran ƙarshe kafin faifan ya iso hannunsa. Shi ya sa FLAC da sababbin kaya suka kasa, tunda aikinsu shi ne isar da abin da aka ba su da aminci.

Abin da ya ɓatar da shi tun farko shi ne sauya bugu da sauya tsarin fayil a watanni guda, ta yadda babu hanyar sanin wanne ya jawo me. Kwatancen da ya yi a 2004, wanda a kansa ya kyautar da faya-fayansa, ba a daidaita ƙarfi ba, saboda haka bai auna komai ba sai wanda ya fi ƙara. A ganina wannan ya fi kuskuren 128 tsada, domin fayil ana iya sake kwashe shi, faifan da ya fita hannu kuwa sai an sake nemansa. Shawarar da mutane suka ba shi ma ta yi tasiri saboda tana da lamba a bayanta. Kashi tara cikin goma na bayanai abu ne mai saurin shiga kai, desibel 7 da aka aske daga kan ganga kuwa ba a rubuta shi a kwali.

Ban yarda da ƙa'idar da wasu masu tara faya-fayai ke bi ba, ta cewa duk rimasta ɓarna ce. Kashi ɗaya cikin uku na zaɓinsa ya ƙaryata ta, motarsa ma ta nuna cewa danne sauti na da wurin da yake amfani. Lambar DR tana taimakawa wajen sanin inda za a duba, ba ta isa ta yanke hukunci ita kaɗai ba. Sakamakon ABX ɗinsa kuma nasa ne, da kunnensa da kayansa da waƙoƙin da ya zaɓa. Matashi mai kaifin ji zai iya kama 320 a wani wuri mai wahala.

Akwai kundaye uku da har yanzu bai samu tsohon bugunsu ba, dannanne kaɗai ke hannunsa. Ya sauke ƙarfinsu, ƙaras ɗin matsi ya tafi, yana iya sauraronsu har ƙarshe idan bai ɗaga murya ba. Gangunansu dai suna bayan jita, kuma babu abin da zai iya yi daga ɓangarensa sai dai idan kamfanin ya koma kan tef ɗin ya sake gyaran.